Babi Ukun da Ba Wanda Zai Karanta Mini

Edita, ina gaishe ka da masu karatunka gaisuwar dattijon da ya tafka abin kunya da furfurarsa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na firamare na yi aka kore ni, saboda na saka wa malamin lissafi ƙadangare a aljihun riga, don haka duk inda ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi. Mako biyar na yi a kan wannan wasiƙa, ina rubutawa ina gogewa, kuma ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara sittin da biyu, na kuma haura shekara ashirin a Alƙahira. Wani ɗan kasuwa na biyo ina ɗaukar masa kaya, ya koma gida ni na maƙale. Matata ta rasu tun da daɗewa, 'ya'yana sun yi aure a gida. Ina da gidan haya a hawa na huɗu a unguwar Hayyus Sabi', na mayar da falon wurin cin abinci. Tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar taushe ranar Juma'a. Ɗalibanmu na ƙasar Hausa da 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya a kasuwar Ataba duk nan suke hawowa in fulu, wato dafaffen waken Masar, da burodinsu sun ishe su. Bayan tuwo kuma ni ne tashar saƙo. Duk wanda ya taso daga gida da ƙullin kilishi ko daddawa ko takardar wani ɗalibi, wurina yake saukewa. Ta haka lambar iyayen yara ta cika wayata. Uba zai kira ni daga Katsina ko Damagaram ya ce Baba ga amana nan, ka sa mini ido. In ce masa ya kwantar da hankalinsa. Suna ganin dattijo mai gemu, ba su san ƙadangaren nan na aljihun malam yana nan da ransa a cikina ba. Halina shi ne ba na faɗa, ba na zagi, ajiya nake yi. In ka taka ni yau zan ƙara maka miya ina murmushi, sai baɗi ka ji saƙona.

Cikin yaran akwai wani ɗan limamin unguwa daga wani gari a arewacin Najeriya, siriri, mai tabarau, shekararsa ta ƙarshe a karatun tafsiri. Zan kira shi Mai Tabarau. Yaro ne mai ladabi, amma Allah ya yi masa harshe kamar reza, in ya yi barkwanci sai ka je gida kafin ka ga jini. Wata rana na ajiye masa tuwo ya bar shi ya huce, ya dulmuya cikin wani tsohon littafi da ya sayo wurin masu tsofaffin littattafai na bayan Ataba. Na ce masa me ke cikin takardar nan da ya fi tuwona daɗi. Ya ce Baba zauna ka ji. Na zauna da muciya a hannu, ban tashi ba sai da aka kira magariba.

Labari ne ƙagagge, wani ya rubuta da harshen Turawa aka juya shi zuwa Larabci, amma an gina shi a kan abin da ya taɓa faruwa da Bani Isra'ila tun kafin zuwan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Wani sarki mai bautar gumaka ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya hana su ibadarsu, ya hana kaciya, ya kafa gunki a ɗakin bautarsu, ya kuma ce kowane ƙauye a taru a dandali a ci naman alade a gaban sojojinsa. Wanda ya ƙi a kashe. Marubucin ya ƙirƙiri wani ƙauye mai tsohon malami da wani kuku da sojoji suka sa ya dafa naman. Kukun nan ya yi dabara, ya ɓoye aladen ya dafa akuya, ya bi mutane yana raɗa musu su ci ba komai. Kowa ya ci ya tsira. Da aka zo kan tsohon malamin sai ya ƙi buɗe baki. Kuku ya raɗa masa cewa akuya ce. Ya ce ya sani, amma yaran da ke kallo daga kan katanga ba su sani ba. Nan aka kashe shi. Wallahi ranar da muka zo wurin nan miyar kuka ta kama a tukunya, ni kuwa ina share hawaye da tsumman goge kwano.

Ni Larabcina na kasuwa ne, na taya kaya da faɗa da direban mikrobas, ƙaramar motar haya. Alƙur'ani ina kai wa Sabbi da taimakon wasali, amma littafin nan ko ɗigon wasali babu, kamar tururuwa ta bi ta kan takarda. Sai muka yi ciniki da Mai Tabarau: duk Alhamis bayan la'asar zai karanta babi ɗaya yana juya mini shi da Hausa, ni kuma in ƙara masa tsoka biyu. Ya iya abin. In sarki ne ya kumbura murya, in kuku ne ya yi ƙasa-ƙasa kamar mai satar fita. Kafin wata ya ƙare falon ya daina ɗaukar mutane ranar Alhamis, wasu a kan buhun shinkafa suke zama.

Gardamar da ke biyo bayan karatun ta fi karatun tsawo. Akwai wani ɗalibin fiƙihu ɗan Damagaram da muke ce wa Sarkin Gardama, wanda in ransa ya ɓaci sai Faransanci ya kufce masa. Shi ra'ayinsa littafin ma bai kamata a buɗe shi ba, a irin wannan zamani da muke kwana muna tashi da hotunan yaran Falasɗinawa a waya. Amma bai taɓa fashin Alhamis ba. Zai zauna bakin ƙofa ya juya mana baya wai shi tuwo ya zo ci, in Mai Tabarau ya rage murya sai ka ji ya ce a ɗaga mana, ba a ji. Mai Tabarau kuma yakan ce masa mutanen cikin labarin nan mabiya Annabi Musa ne, su ne masu tauhidin zamaninsu, kuma tsohon da aka kashe don ya ƙi rusuna wa gunki ba za a caje shi da laifin da wasu suka yi bayan shekara dubu biyu ba. Wasu su ɗauko hukuncin wanda aka tilasta, su ce kuku ne a kan daidai. Wasu su ce ai jagora ba ya ɗaukar sauƙin da talaka ke ɗauka. Wani Alhaji mai sarin takalma ya tambaya da gaskensa wai me ya sa ba su ɗan ga shugaban sojojin a gefe ba, aka kwashe da dariya. Ni kuwa duk inda aka je aka dawo ina bayan kuku. Nakan buga muciya a tukunya in ce malamin ya tafi aljanna shi kaɗai, kuku ne ya bar ƙauye da rai, a daina raina masu girki.

Yanzu sai in faɗi abin kunyar farko, ƙaramin. Shekaru ina gaya wa mutane naman miyata baladi ne, wato sabon yanka daga mahauci. Ƙarya nake yi. Naman ɓauna ne na ƙanƙara da ake shigowa da shi a kwali, halal ne, amma ya fi wasu ɗalibaina daɗewa a Masar. Ina jiƙa shi da citta da tafarnuwa, in yayyaga kwalin in kai shi can juji na bayan layi. Ranar wata Alhamis na yi sakaci na bar kwalin bayan ƙofar kicin. Kuma ranar ce wata Hajiya 'yar Maraɗi mai sarin abayoyi ta zo. Bazawara ce, tana saukowa duk bayan wata uku, ni kuma na daɗe ina zaɓar mata tsoka mai kyau ina gyara hula in ta shigo. Har na fara aika mata gaisuwar Juma'a, ita ma ta fara amsawa da ɗan tsawo.

Aka gama babi, gardama ta tashi, na buga muciyata kamar kullum ina kare kuku. Sai Mai Tabarau ya cire tabarau yana gogewa, ya ce a bar Baba ya kare ɗan'uwansa, ai sana'a ɗaya suke yi. Bambancin kawai, na littafi ya ba mutane akuya ya ce wa sojoji alade ne, namu kuma yana ba mu ɓaunar da ta mutu tun muna sakandare ya ce mana rago ne. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗago kwalin. Edita, falon nan sai da ya girgiza. Sarkin Gardama ya ƙware da miya ana bubbuga masa baya. Alhaji mai takalma yana ta faɗin ma'alish Baba, ma'alish, wato ka yi haƙuri, yana hawaye don dariya. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokali a hankali, ta ture tsokar da na zaɓar mata gefen kwano, ta ce a ba ta ruwa ta wanke hannu. Daga ranar sunana ya koma Kukun Sarki. Har mai gadin gidanmu, Bamasare da bai san Hausa ba, ya koyi faɗinsa. Hajiya kuwa da ta sake saukowa sai aka ce mini an gan ta wurin wata 'yar Sudan tana cin asida, tuwonsu na can.

Na yi dariya tare da su a ranar, na ce yaro ka kama ni, na ƙara masa tsoka ta uku. A cikina kuwa na buɗe masa ajiya. Mako shida ina dafa abin. Ina wanke kwano ina tunani, ina cikin mikrobas ina tunani. Na yi tunanin zuba masa barkono har ya ga taurari, na ga wannan ramuwar yara ce. Na yi tunanin ɓatar da kilishinsa, na ga bai kai ba. Shi a gaban mutane ya tuɓe ni, a gaban macen da nake so, don haka nake son abin da zai tuɓe shi a gaban waɗanda yake jin kunya. Duk tsawon lokacin nan karatu bai tsaya ba, kuma ban fasa jin daɗinsa ba, wannan shi ne abin da har yau nake mamakin kaina a kai. Mutanen ƙauyen sun gudu kogon dutse, sun fara kai wa sojoji hari. Sun ƙi yarda kuku ya shiga cikinsu sai dai ya tsaya bakin kogo, suna kiransa mai dafa wa sarki, yaran da ya ceta suna jifansa da tsakuwa. Ina jin wannan ina cewa a raina ai ga ni nan an rubuta.

Wata Alhamis na ɗauki wayata kamar ina duba lokaci, na ɗauki hotonsa yana karatu, ɗalibai sun kewaye shi. Da ya shiga wanke hannu na ɗauki hoton bangon littafin, akwai wata fitilar Yahudawa mai rassa bakwai a jiki da wasu haruffa irin nasu. Washegari da hantsi, ba kowa, na zauna zan yi wa mahaifinsa saƙon murya. Mu da ba mu yi boko ba a nan muka fi ƙarfi. Na yi na farko na saurara, na ji muryata da annashuwa kamar mai albishir ɗin haihuwa, na goge. Na yi na biyu, ya fito kamar mai tallan magani. Sai na ɗauko albasa manya guda uku na yanka a faranti, na sunkuya a kai har hancina ya toshe idona ya cika, sannan na danna.

Na ce Malam ka gafarce ni, amana ce ta hana ni barci. Na ce ɗanka duk Alhamis yana tara ɗalibai yana karanta musu littafin da ke yabon Yahudawa, a wannan lokaci da muke ciki. Na ce yana kare su in an yi masa magana, har muryarsa rawa take yi in ya zo wurin da aka kashe malaminsu. Na ce ni jahili ne ban san hukunci ba, ga hoto nan ka duba da kanka. Na ja majina na kashe. Ka lura, Edita, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na yi alfahari da hakan. Abin da ban faɗa ba shi ne ni na roƙi karatun, ni nake biya da tsoka, a falona ake yi, kuma mutanen labarin sun mutu tun kafin a haifi kakan kakan duk wanda ake jin haushi yau. Irin namana ne sak: halal ne, sunan da na laƙa masa ne na ƙarya.

Abin da nake so shi ne uban ya kira shi ya wanke shi tas, ya zo wurina idonsa jajur in ba shi ruwan sanyi ina dariya a ciki. Amma magana zarar bunu ce. Liman bai yarda da kunnensa ba, ya tura wa ƙaninsa don shawara. Ƙanin nan, wanda na ji daga baya ya daɗe yana hangen limancin ga nasa ɗan, ya tura wa jama'ar masallaci. Cikin kwana huɗu muryata ta zaga garin ta tsallaka wasu garuruwa, tana tafe tana yin ƙiba. Wai ɗan liman ya bar addini a Masar. Wai an ba shi mota. Wai ya auri Bayahudiya har da ciki. Aka fara barin sahu in liman ya shiga gaba. Sai tsohon ya tashi bayan sallar Juma'a ya rantse da Alƙur'ani a gaban jama'a cewa ɗansa zai dawo gida kafin wata ya mutu, kuma ba zai sake taka Masar ba muddin yana raye. Saura wata huɗu yaron ya zauna jarrabawar ƙarshe, bayan shekara shida.

Zan so in ce maka da na ji haka jikina ya yi sanyi. Bai yi ba. Ranar malmala biyu na ci. Na tsaya gaban madubin banɗaki na ce wa kaina to, Kukun Sarki ya dafa, a ci lafiya. Kwana biyu bayan nan yaron ya hawo da rana tsaka, ba tabarau ma a idonsa, ya durƙusa a kicin ɗina. A lokacin bai san daga ina abin ya fito ba, uban ya ƙi faɗa masa, ya ce dai wani mai tsoron Allah ne. Ya ce Baba kai kaɗai mahaifina yake jin maganarka a ƙasar nan, kai ka san abin da muke karantawa, ka kira shi ka faɗa masa gaskiya, wata huɗu kawai nake roƙo. Ya riƙe mini ƙafa. Na dafa kansa na ce khalas, shi ke nan ɗana, ka bar mini. Da ya fita na ɗauki wayar na ajiye ya fi sau goma. In na kira, sai na ce ni ne na yi, kuma da gangan. Amanar iyaye hamsin da ke wayata ta tafi, tuwon ma ya tafi. Sai na tuna cokalin Hajiya yana sauka a faranti, na ce bari dai ya ƙara kwana biyu yana jin yadda ake ji. Kwana biyun nan su suka zama mako biyu.

Abin da ya zaga duniya dole ya dawo gida. Wani ɗalibi ya samu saƙon daga ƙanwarsa, ya kunna a ɗakinsu, kowa ya gane mai jan majinar. Ba wanda ya zo ya zage ni, da ma sun yi da ya fi mini. Alhamis ta zo na dafa tukunya cike, na je har wurin mahauci na sayo baladi na gaskiya karon farko cikin shekaru, ba wanda ya hawo. La'asar ta wuce sai na ji taku a matakala. Mai Tabarau ne, da jakarsa, daga nan filin jirgi zai wuce. Ya yi sallama ya zauna inda ya saba, ya ce a sa masa tuwo. Na zuba masa. Ya ci a natse, ya ɗaga tsoka ya duba, ya ce yau kam rago ne Baba. Da ya wanke hannu ya ce ya zo neman gafarata kan maganar kwali, bai kamata ya kunyata sa'an mahaifinsa a gaban baƙi ba, ya yi kuskure. Na ce na yafe, na yafe duniya da lahira. Na tsaya ina jiran ya faɗi nasa. Bai faɗa ba.

Sai ya ciro littafin ya ajiye a kan buhun shinkafa, da tikitin jirgin ƙasa na metro a tsakiya. Ya ce babi uku suka rage. Ya tuna mini inda muka tsaya: an kori kuku daga bakin kogo, an gan shi da asuba ɗauke da tukunya a ka ya nufi sansanin sojoji, ba a sani ba ko guba ya kai musu ko hanyar kogon zai nuna musu. Na ce masa don Allah ya faɗa mini ko a taƙaice. Ya sa tabaransa, ya dube ni, ya ce Baba ai kai ka fi ni sanin halin masu girki, ka nemi mai ƙarasa maka. Ya ɗauki jakarsa ya sauka. Ina jin takunsa har hawa na ɗaya.

Washegari na kira liman na faɗa masa komai, har albasar. Ya tambaye ni wace muryar zai yarda da ita, ta farko mai kuka ko ta yau. Ya ce ko ya yarda da ni, jama'ar da suka ji ta farko ba za su ji ta biyu ba, kuma shi ya rantse a gabansu. Haka kuwa aka yi. Na yi sabon saƙo na tura duk inda na sani, ko mutum goma ban ji sun tura gaba ba. Shekara uku ke nan. An ce mini yaron yana koyar da ƙananan yara a wata islamiyya a garin da ba nasu ba, ba takardar shaida, kuma har yau in ya wuce akwai masu nuna shi da baki. Limancin ya koma gidan ƙanin. Shi wannan ƙanin ban yafe masa ba, in Allah ya kawo shi Alƙahira zai ci barkonon da na fasa zuba wa yaron, ka ga har yanzu ban gama warkewa ba. Ɗalibai sun dawo cin tuwo sannu a hankali, ciki ba ya fushi, amma iyaye sun daina kirana, saƙo ma wani gida ake saukewa.

Littafin yana nan cikin akwatina da tikitinsa. Na roƙi ɗalibai ya fi goma su ƙarasa mini. Duk wanda na miƙa wa sai ya ɗaga hannu sama kamar na nuna masa maciji. Sarkin Gardama, wanda na san shi ma abin yana cinsa, ya ce mini wato in karanta ka ɗauke ni hoto ko, Baba nawa uban ciwon hawan jini gare shi. Wani ya koya mini yadda waya ke fassara takarda in ka haska mata. Na gwada, ta ba ni wata Hausa da ko aljani ba zai gane ba, wai tukunyar ta yi tafiya a kan ra'ayin dutse. Na kai wa mai gadinmu, ya karanta layi biyu da irin Larabcin labaran talabijin, ni ban gane ba, shi kuma ya ce kansa na ciwo. Na aika wa yaron saƙo sau da yawa. Yana amsa sallama, ya tambayi lafiyar ƙafata, ya ce Allah ya ƙara girma. Kalmar da nake jira har yau ba ta zo ba, ban kuma isa in ce ya yi laifi ba.

Abin da na koya da tsufana shi ne mai ramuwa ba shi da mudu. Yaro ya ɓata mini yamma ɗaya da gaskiyar da na cancanta, ni na ɓata masa shekara shida da gaskiyar da na yanke wa kai da ƙafa. Ku dattawan da ake ba amanar 'ya'yan mutane a baƙuwar ƙasa, ku sani kalmarku a kunnen uba ta fi hatimin alƙali nauyi, kada ku auna ta da fushinku. Ku iyaye, in an turo muku hoton bangon littafi, ku tambayi abin da ke ciki, ku kuma tambayi ɗanku kafin ku tambayi gari, kada ku yi rantsuwa a kan muryar mai kuka, wataƙila albasa ce a gabansa. Ku kuma masu tura saƙo gaba da yatsa ɗaya kuna cewa Allah ya kyauta, ku ne itacen da irina ke dafa mugunta da shi.

Dā ina ce wa kaina ina son in san ƙarshen labarin ne don daɗinsa. Yanzu na gane so nake in ji ko marubucin ya bar wa kuku wata ƙofa. In ya kai guba ne, to ya fi ni. In hanyar kogo ya nuna, ina son in ji ko akwai wanda ya ce ya yafe masa kafin a rufe littafin. Ɗana, na san kana karanta duk takardar da ta faɗo hannunka, har wadda aka ƙunso ƙosai a ciki. In wannan ta iso gare ka, tikitinka yana nan inda ka bar shi, ban matsar da shi ko shafi ɗaya ba.